Fuskar Tsamiyar Malam Audu

Unguwar Hajji, Karaye
Mayu, 1991

Zuwa ga 'yata Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya mutanen Gwangwan? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta son in daɗe a kan keken ɗinki. Goggonki Laure tana gaishe ki, ta ce tun rasuwar mahaifinki ba ta ga idonki ba.

Dalilin wannan takarda shi ne tsamiyar marigayi. Tana nan a kaskonta a tsakar gidana kamar yadda ya bar mini amana. Har yanzu ba ta wuce gwiwata ba, amma in ka durƙusa ka dube ta sai ka rantse tsohuwar tsamiyar bakin kasuwa ce aka hango daga nesa. Bana na rage mata saiwa kamar yadda ya koya mini, na sake mata ƙasa, ta yi sabon ganye shar.

To, za a yi bikin dashen itatuwa a nan Karaye in damina ta zauna, har baƙi za su zo daga Kano. Wanda aka ba shugabancin kwamitin kuwa Maikuɗi ne, ɗan wan mahaifinki. Na san ba kya son jin sunan, amma dole in rubuta. Ya zo shagona da kansa ya zauna a kan benci, ya ce yana so a kai tsamiyar filin biki a ɗora ta a kan tebur baƙi su gani, wai abin alfaharin danginmu ce. Na ce ba tawa ba ce, sai na tambayi 'yar mai ita.

Idan kin yarda akwai tambaya ta biyu. Mahaifinki ya ce irin wannan itace, da ya koyo a makarantar aikin gandun daji, wanda mutanen Japan ke kira bonsai, yana da fuska yana da baya kamar mutum, kuma ba a nuna shi ta ko'ina. Ni na kewaya ta har na gaji. Ta gefen da reshen farko ya fita dama ta fi cika ido. Ta wajen bakin kaskon da ya ɗan gutsure kuma saiwoyin sun fi fitowa. Wanne zan juya wa mutane? Ke kika tashi kina ganin yana yi.

Ki ba direban motar Rogo amsa.

Bappanki,
Mijinyawa

*

Gwangwan, Rogo
Yuni, 1991

Bappa,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A gaishe da Goggo Laure. Mu muna lafiya, sai dai ƙyanda ta shigo ƙauyuka, yara cike da baranda, a tsaye nake rubuta wannan, direba yana jira.

Na karanta takardarka. Wai abin alfaharin dangi! Amsata gajera ce. Ka juya masa baya, Bappa. A gaban jama'a, kowa yana gani. Abin da nake roƙonka ke nan.

Zan rubuto da tsawo in na samu sarari.

'Yarka,
Barira

*

Unguwar Hajji, Karaye
Yuni, 1991

'Yata Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya kawo sauƙin ƙyandar nan, ya ba ku ladan aiki.

Na yi abin da kika ce, ko da yake ya yi mini nauyi. Ranar Juma'a bayan an sallame, ana ta gaggaisawa a ƙofar masallaci, Maikuɗi ya nufo ni da fara'a ya miƙo hannu, ya ce, "Mijinyawa, yaya maganarmu?" Sai na gyara rigata, na juya masa ƙeya, na tsaya haka. Hannunsa ya daɗe a iska. Wani ya ce, "Subhanallahi, a ƙofar masallaci?" Ban waiwaya ba har na ji takun takalminsa ya yi nisa.

Da yamma liman ya aiko kirana. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce da furfurata ba a san ni da haka ba. Na sunkuyar da kai ban faɗi wanda ya sa ni ba. Wasu masu kawo mini ɗinki daga gidan Maikuɗi sun aiko an karɓe yadinsu. Ban damu ba. Tunda ke kika nema, kuma na san abin da ke ranki, na yi.

Maikuɗi kuwa ya aiko mini da saƙo cewa in riƙe guntuwar itaciyata, biki ba zai fasa ba. Saboda haka hankalinki ya kwanta, tsamiya ba za ta je ko'ina ba.

Na jira dogon rubutun da kika ce, shiru. An ce ruwa ya cinye hanya a wajen kwazazzabo, motoci ba sa wucewa. Ina fata wannan ta same ki.

Bappanki,
Mijinyawa

*

Gwangwan, Rogo
Yuli, 1991

Bappa Mijinyawa,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya da iyali. Takardarka ta kwana a aljihun direba fiye da mako biyu kafin hanya ta buɗe, jiya ta iso ni, kuma tun jiya ban iya cin abinci ba.

Innalillahi! Bappa, ba bayanka nake nufi ba. Bayan tsamiyar nake nufi. Ka tambaye ni wane gefe za a juya wa mutane, na ce ka juya masa bayanta. Ka yafe mini, laifin gaggawata ne, ga shi na ja maka faɗan liman a banza. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, shi ba abin da ya rasa. Kunyar minti ɗaya ya ji, ya tafi gida ya ci tuwonsa.

Bari in faɗa maka filla-filla, don kada a sake kuskure.

Duk gefen da ka lissafa mini a takardarka ta farko, ba ka ambaci ɗaya ba. Na san don kada ka tayar mini da hankali ne. Amma ni ina wurin, kai kana Zariya sayen yadi. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka mutumin nan ya shigo ba sallama, da gatari a hannu, mutane a bayansa. Ɗansa Sulle yana can gida kwance ya kumbura, ya kasa tafiya. Uban yana ihu wai Baba ya ɗaure yaron a jikin tsamiya, wai itacen da aka hana girma shi ya hana ɗansa girma, wai aljanun tsamiya Baba yake kiwo a kasko. Duk unguwa ta san ainihin abin. Baba malamin daji ne, ya kama shi da lodin itacen da ya sara a gandu, ya ƙi rufa masa asiri. Yaron kuwa tamowa ce, yanzu kullum ina ganin irinsa a nan.

Baba yana zaune a kan buzunsa. Cewa kawai ya yi, "Maikuɗi, itace ne." Shi kuwa ya ɗaga gatari ya tsarge tsamiyar tun daga kafaɗa har gindi, ya zaro itacen wuta daga murhun Inna ya cusa a wurin. Baba ya kashe wutar da tafin hannunsa. Ni na shafa masa man shanu a ƙunar.

Abin da ya biyo baya ka gani da idonka. Mata suka daina aiko yara gidanmu ɗibar wuta. In Baba ya shiga sahu sai a bar gurbi a gefensa. Mutumin da ya raba wa rabin garin nan dashen darbejiya da mangwaro ya koma yin sallarsa a zaure. Ya yi jinyar tsamiyar ta rayu, shi bai rayu ba. Likita ya ce hawan jini. Ni na san sunan ciwon.

Yanzu wanda ya yi wannan shi ne shugaban dashen itatuwa, kuma yana so ya tsaya kusa da ita ya yi murmushi a ɗauke shi hoto.

To ya tsaya. Ina so ta je filin nan. Ka nemi turmi ka kife a kan teburin ka ɗora ta, don saran ya zo daidai idon mutum a tsaye. Kada ka nuna gefen reshen dama, kada ka nuna gefen saiwoyi. Gefen reshen dama Baba ya zaɓa tun tana lafiya, lokacin da yake cewa a nemi inda kanta ya ɗan rusuna kamar tana gaishe da mai kallo. Yanzu ba gaisuwa za ta je yi ba. Ka juya tabon ya kalli rumfar manya. Ka share ganyen da ya rufe shi. In da reshe ya kare, ka ɗaure shi baya da zare.

Na san abin da nake nema yana nufin ka je ka ba shi haƙuri. Na san da ɗaci. Ka yi don wanda ya ba ka amanarta. Ni ba zan samu zuwa ba, mu biyu ne kawai a asibitin nan.

'Yarka,
Barira

*

Unguwar Hajji, Karaye
Agusta, 1991

'Yata,

Bayan gaisuwa. Lafiya muke, gero ya fara fitar da kai. Ki zauna kafin ki karanta.

Na je gidan Maikuɗi. Ya bar ni a zaure har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya fito yana sakace. Na ce sharrin shaiɗan ne, a yi haƙuri. Ya ce ya yafe, ai shi ba mai riƙo ba ne. Na haɗiye wannan ma. Amma ki sani, Barira, shi ma ya binne Sulle a shekarar da abin ya faru. Ba kare shi nake yi ba, na faɗa ne kawai don in sauke.

Ranar biki na ɗauko ta a baro na lulluɓe da zane. An kafa rumfuna a filin makaranta, 'yan makaranta sun yi layi kowa da dashe a leda. Na kife turmi, na ɗora ta, na juya kamar yadda kika ce. Na daɗe ban dubi wurin da kyau ba. Cikin saran ya bushe ya yi fari kamar ƙashi, gefensa baƙi inda wuta ta ci, ɓawo kuma ya naɗo daga dama da hagu yana neman rufewa bai rufe ba.

Kafin baƙi su iso Maikuɗi ya zo duba tebura, da babbar riga sabuwa. Da ya gani sai ya tsaya cak. Ya sa hannu biyu ya murɗa kaskon, tabon ya koma baya. Ya ce, "Haka ta fi kyau." Yana matsawa na mayar. Ya dawo ya sake juyawa, ya ce a hankali, "Mijinyawa, ka kiyaye ni." Ya sa wani ɗan kwamiti ya tsaya a wurin. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata ki.

Cikin baƙin akwai wata mata daga ma'aikatar gandun daji ta Kano, mai tabarau. Aka zagaya da su tebur tebur, Maikuɗi yana gaba yana bayani. Da suka iso kanmu matar ta ce, "Kai! A Karaye?" Ta ajiye jakarta. Ta rage tsawo ta duba ta gaba, ta karkata ta duba ta gefe, sannan ta zagaya baya. Ta daɗe a can. Sai ta ce, "Wa ya ajiye ta haka? Ai kun juya ta. Ga fuskarta nan." Da hannunta ta murɗa kaskon, tabon ya fuskanci rumfa.

Ta karɓi lasifika ta yi wa jama'a bayani. Ta ce masu wannan sana'a da gangan suke fere jikin itacen su ƙona, don ya yi kama da tsohon itacen da tsawa ta faɗa wa ya ƙi mutuwa, kuma ba kowane gwani ne yake iya yi itacen ya rayu ba. Ta ce ta nan ne ake ganin lanƙwasar jikinta da shekarunta. Sannan ta tambaya, "Wane ne ya yi wannan sassaƙa?"

Tsofaffin da ke rumfa duk suka dubi ƙasa. Sai muryar Goggonki Laure daga cikin mata, kin san muryarta: "Ga shi nan tsaye kusa da ke, Hajiya. Da gatari ya yi, ya bi da wuta. A gaban mai ita."

Baƙuwar, baiwar Allah, ba ta gane ba. Ta juya da murna ta ce, "Ashe shugaba da kansa! A tafa masa." 'Yan makaranta suka ɗauki tafi raf raf raf. Babu babba ko ɗaya da ya ɗaga hannu. Ta miƙa masa lasifika ta ce ya gaya wa yara yadda ya yi da dalilin da ya sa.

Barira, na ga gumi yana bin wuyansa. Ya riƙe lasifikar, numfashinsa yana fita ta cikinta kowa yana ji. Yara suka gaji da tafi suka tsaya suna jira. Ya buɗe baki ya ce, "Wannan itace na Malam Audu ne." Ya sake cewa, "Na Malam Audu ne." Sai ya ajiye lasifikar a kan tebur ya ratsa ta bayan rumfa ya tafi, ko dashen da aka tanada ya dasa bai dasa ba. Na ga wani malamin makaranta ya matsa yana yi wa matar raɗa, ta cire tabarau ta rufe bakinta da hannu.

Kafin ta shiga mota ta zo ta tambaye ni sunan mahaifinki cikakke, ta yi masa addu'a. Mutum uku daga cikin waɗanda suka bi Maikuɗi gidanku a wancan lokaci sun taya ni ɗora kaskon a baro. Ban ce musu sannu ba.

Ina ganin ya isa haka. Allah ya ji ƙan Audu.

Bappanki,
Mijinyawa

*

Gwangwan, Rogo
Agusta, 1991

Bappa,

Gaisuwa da godiya. Allah ya saka maka, ya saka wa Goggo Laure. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Na yi kuka, na yi dariya, maigidana ya ɗauka wani abu ya same ni.

Amma bai isa ba. "Na Malam Audu ne" ba ita ce maganar da nake jira ba. A gaban mutane ya ce Baba maye ne, a gaban mutane zai ce ƙarya ya yi. Rana ɗaya ya sha kunya, Baba ya sha ta har kabari.

Ƙofar zaurenka tana kan hanyar da yake bi zuwa masallaci da kasuwa. Ka sa a yi ɗan dakali a jikin bango, ka ɗora ta, tabon yana kallon hanya. Kada a juya ta. Ya gan ta da safe, ya gan ta da yamma, har sai ya faɗa.

'Yarka,
Barira

*

Unguwar Hajji, Karaye
Nuwamba, 1991

'Yata Barira,

Ina gaishe ki. Kin ji ni shiru, zazzaɓi ne ya kwantar da ni bayan girbi, amma na tashi.

An yi dakalin, tana kai tun lokacin. Maikuɗi ya ajiye shugabancin kwamiti. Da farko ya canza hanya, yana zagayawa ta bayan mahauta. Daga baya ya dawo yana bi ta nan, kansa a ƙasa. Ya rame. Rannan ya tsaya a gabanta ya daɗe, sannan ya ce mini, "Ka gaya mata na gani." Na ce, "Ba gani take so ba, faɗa take so." Ya ce, "In na ce ƙarya na yi, to me ya kashe mini yaro?" Na ce tamowa. Ya girgiza kai ya wuce. Ban san ko zai taɓa faɗa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tsamiyar ba ta da lafiya. Duk rassanta masu rai suna gefen da ke jikin bango, rana ba ta kai musu. Tabon ne yake shan rana, shi kuwa busasshe ne, ba ya bukata. Ganye ya yi rawaya yana zuba, ƙaramin reshe ɗaya na ƙasa ya riga ya bushe, na karya shi ya yi ƙas. Mahaifinki yakan juya ta lokaci lokaci don kowane gefe ya samu haske, ni ma haka nake yi kafin umarninki. In aka ci gaba haka ban ga za ta kai damina ba.

Na yi miki duk abin da kika ce, har wanda ba ki ce ba. Wannan kam ba zan yanke da kaina ba. Amanar da aka ba ni ta rayar da ita ce. Ki zaɓa.

Bappanki,
Mijinyawa

*

Gwangwan, Rogo
Disamba, 1991

Bappa,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara lafiya, ya sa zazzaɓin ya zama kaffara.

Na rubuta maka amsa sau biyu na yaga. A ta farko na ce a bar ta ta mutu a kan idonsa. Da na karanta sai na ga ashe zan ƙarasa masa aikin da gatarinsa ya kasa.

Ka sauke ta. Ka mayar da ita tsakar gida inda rana take, ka juya ta yadda take so, ka ba ta taki kaɗan. In ta farfaɗo ka aiko mini da ganye ɗaya a cikin takarda.

Amma kada ka ɗauka na huce, kuma kada wani ya je ya gaya masa na yafe. Ban yafe ba. Ba ni ya yi wa ƙazafi ba balle in yafe, wanda ya yi wa yana kwance a maƙabartar gabas, can za su haɗu. Kada a rushe dakalin. Duk ranar Juma'a, in an yi kiran farko, ka fito da ita ka ɗora, tabon yana kallon hanya, har a sauko daga masallaci. Sauran kwanakin nata ne, ta sha ranarta. Juma'a tawa ce.

In gwiwarka ta hana ka ɗauka, ka gaya mini. Na nemi a mayar da ni aiki Karaye, an ce sai bayan sallah. In na zo ni zan riƙa fito da ita, in zauna kusa da ita.

'Yarka,
Barira Audu